Darasi: Ban Ruwan Kankana da Kabewa a Lambun Gida

Kashi 92 cikin 100 na naman kankana ruwa ne. Kabewa ma ba ta yi nisa da haka ba, tana kai kashi 90. Duk wannan ruwa ta saiwa ya shiga, kaɗan-kaɗan, cikin kwanakin da shukar ta yi a ƙasa. Da mutum ya ji haka sai ya ɗauka cewa babu abin da waɗannan shuke-shuke suke so illa a yi ta tsuga musu ruwa, kuma wannan zato shi ne ya kashe kankana da yawa a bayan gidaje. Abin da ya fi ɓata su shi ne rashin ƙa'ida: yau a cika gurbi har ya yi taɓo, gobe da jibi a manta, rana ta huɗu a ga ganye ya yi yaushi a sake ambaliya. A wannan darasi za mu koyi inda ake zuba ruwan, da yawansa, da lokacinsa, da kuma dabarun da mai ɗan fili a gida zai iya yi da kayan da ke hannunsa.

Ku fara sanin saiwar

Kankana 'yar Afirka ce. Binciken masana ya nuna cewa danginta mafi kusa yana yankin Kordofan na ƙasar Sudan, wurin da fari ba baƙo ba ne. Duk wanda ya taɓa ganin guna ta yi kore shar a jigawa bayan an girbe gero, alhali ruwan sama ya ɗauke tuni, ya ga halin wannan dangi. Saiwar kankana tana iya nutsewa mita ɗaya ko fiye idan ƙasa ta yi laushi, ko da yake yawancin ƙananan jijiyoyin da ke shan ruwa suna cikin kamu ɗaya na sama. Ganyenta kuma a tsattsage yake, ba ya zubar da ruwa da yawa.

Kabewa daban take. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, ta zo mana ta zauna har ta zama ta gida, ta shiga miyar taushe da fate. Ganyenta fale-fale ne mai faɗi, saboda haka rana da iska suna zuƙe ruwa daga jikinta da sauri. Tana da wata baiwa kuma wadda ya kamata ku yi amfani da ita: duk gaɓar yaɗon da ta taɓa ƙasa mai danshi tana iya fitar da sabuwar saiwa. Idan kuka rufe gaɓa biyu ko uku da ƙasa kuka riƙa jiƙa wurin, kun ƙara wa shukar bakin shan ruwa, kuma ko tsutsa ta ci gindin ba lalle ta mutu ba.

Abin da za ku riƙe a nan shi ne saiwa tana bin danshi duk inda yake. Idan kullum yayyafi kuke yi wanda ba ya wuce zurfin ɗan yatsa, saiwar za ta tsaya a sama, ranar da kuka yi tafiya ko famfo ya ɗauke kuwa shukar ba ta da wurin da za ta nemo ruwa. Idan kuma kuna ba da ruwa mai isa ya ratsa ƙasa, sannan ku bar saman ya ɗan sha iska kafin ku ƙara, saiwar za ta bi shi ta nutsa. Shukar da ta nutsa da saiwa ita ce take jure zafin watan Afrilu.

Nawa ne ruwan?

Masana aikin gona suna auna ruwa da milimita. Lissafin ba shi da wuya: milimita 1 daidai take da lita 1 a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kankana tana buƙatar milimita 400 zuwa 600 daga shuka zuwa girbi, wato cikin kwana 80 zuwa 110.

Bari mu kawo wannan lissafi cikin gida. Ana ba kankana tazarar mita 1 tsakanin gurbi da gurbi, da mita 2 tsakanin layi da layi. Kenan kowane gurbi yana da fili murabba'in mita 2. Idan muka ɗauki milimita 500, gurbi ɗaya zai sha lita 1,000. Jarka mai lita 25 sau 40 kenan. Gurbi 10 kuwa jarka 400. Wanda yake da rijiya a tsakar gida ba zai ji wannan ba sosai. Amma mai sayen ruwa wajen 'yan garuwa ya kamata ya zauna ya buga lissafin kuɗin kafin ya sa iri a ƙasa. Daidai ruwa daidai tsaki. Gurbi 4 da suka ƙoshi sun fi gurbi 20 da ake yi wa rowa, kuma ina roƙonku kada ɗokin farko ya sa ku shuka abin da rijiyarku ba za ta iya ɗauka ba idan bazara ta kama, domin a lokacin ne ruwan rijiya yake ja da baya, a lokacin ne kuma shukar take kan ganiyar sha.

Wannan adadi na babbar gona ne inda ake jiƙa fili gaba ɗaya. A lambun gida ana iya rage shi sosai idan aka kai ruwan kusa da gindin shuka kuma aka rufe ƙasa da ciyawa. Sannan ba a raba shi daidai-wa-daida a kan kwanaki. Tsiro mai ganye biyu ko uku lita 1 zuwa 2 a rana ta ishe shi. Idan ya fara yaɗo sai a kai lita 4 zuwa 5. Daga fitar fure zuwa girman 'ya'ya, musamman a zafin bazara, gurbi ɗaya yana iya shan bokiti guda a rana, wato lita 10 ko fiye. Kabewa da ta baje tana fin haka.

Waɗannan alƙaluma jagora ne kawai. Ƙasarku ce za ta faɗa muku gaskiya, kuma ga yadda ake tambayarta. Ku tona da hannu ko ɗan icce a gefen gurbi, zurfin taƙi ɗaya, ku ɗebo ƙasar da ke can ƙasa ku matse a tafin hannu. Idan ta dunƙule ta zauna, akwai danshi, ku bari sai gobe. Idan ta wargaje da kun buɗe hannu, lokacin ban ruwa ya yi. Idan ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsu ko ta manne muku, kun wuce gona da iri. Jigawa ba ta riƙe ruwa, saboda haka tana son kaɗan-kaɗan a kai a kai, kullum ko bayan kwana ɗaya. Ƙasar laka irin ta fadama tana riƙewa, tana iya yin kwana 3 ko 4, amma ita ce kuma ta fi saurin shaƙe saiwa idan ruwa ya kwanta. Takin gargajiya da ya ruɓe sosai yana gyara duka biyun: yana sa jigawa ta riƙe ruwa, yana sa laka ta saki.

Bokiti da kwari

Hanyar da kowa ya sani ita ce ɗebo ruwa a bokiti a zuba. Ba ta da laifi idan an gyara gurbin. Ku tara ƙasa ta ɗan yi tudu a inda tsiron yake, sannan ku zagaye shi da ɗan kwari, tazarar taƙi ɗaya daga gindi. A cikin kwarin ake zuba ruwa, a hankali, da gwangwani ko moɗa, a jira ya shige a ƙara. Gindin shukar ya zauna a bushe. Ruwan da ke kwanciya a wuyan tsiro shi ne yake kawo ruɓewar da za ku ga tsiro ya faɗi kamar an yanke shi daga ƙasa. Yayin da shukar take girma ku riƙa faɗaɗa kwarin, domin jijiyoyin sun yi gaba.

Mai fili da ɗan tsawo da kuma tiyo ko injin ban ruwa zai iya yin kunya mai faɗi, ya shuka a kafaɗarta, ya riƙa kora ruwa ta cikin kwarin kunya kamar yadda manoman rani suke yi a Kadawa da kwarin Haɗejiya. Abin lura shi ne a riƙa juya yaɗon zuwa saman kunya inda ya bushe, kada ya faɗa hanyar ruwa. Wannan hanya tana cin ruwa da yawa, ba ta mai guga ba ce.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne watsa ruwa ta sama da tiyo ko butar yayyafi bayan shukar ta yi yaɗo. Yana da daɗin kallo, ganye ya yi sheƙi, amma cututtukan ganyen kankana da kabewa jiƙaƙƙen ganye suke nema. Ɗigon ruwa yana fantsamo ƙwayoyin cuta daga ƙasa zuwa ganye, daga ganye mai cuta zuwa mai lafiya. Bayan 'yan kwanaki sai a ga tabo ruwan ɗorawa ko baƙi-baƙi, ganye ya fara ƙonewa daga tsofaffi zuwa sababbi. Idan ganye ya tafi zaƙi ya tafi, domin a ganye ake haɗa sukarin da ke taruwa a cikin ɗan.

Tulu a cikin ƙasa

A nan zan ɗan daɗe, domin a ganina babu dabarar da ta fi wannan dacewa da gidan da ruwa yake da tsada. Ba sabuwa ba ce. Wani masanin noma na ƙasar Sin mai suna Fan Shengzhi ya bayyana ta a littafinsa fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma abin da ya ce a shuka kewaye da tukunyar ma dangin kankana ne. Har yau ana amfani da ita a Indiya da Iran da Meziko da wasu ƙasashen Afirka.

Kun san yadda randa take yin gumi a bayanta, shi ya sa ruwanta yake sanyi. Wannan gumin shi ne ban ruwan. Idan aka binne tulu a ƙasa aka cika shi, busasshiyar ƙasar da ke kewaye da shi tana tsotso ruwa ta jikin yumɓun. Da ta jiƙe sai tsotson ya ragu, da saiwa ta shanye sai ya ƙaru. Shukar da kanta take ɗibar abin da take buƙata, ba dare ba rana, kuma saman ƙasa yana zama a bushe, ciyawa ba ta samun abin tsirowa.

Ku nemi tulu ko tukunyar ƙasa mai cin lita 8 zuwa 12, wadda ba a shafa mata fenti ko wani abin da zai toshe jikinta ba. Kafin ku binne, ku cika ta ku ajiye a inuwa na 'yan sa'o'i. Idan bayanta ya yi danshi ko'ina, ta yi. Idan ta zauna a bushe ƙarau, ta gasu da yawa, ku bar ta wa ruwan sha. Idan kuma ruwa yana zuba ta wani wuri, ta tsage. Tsohuwar tukunyar miya ba ta yi, maiƙo ya riga ya toshe ta.

Ku haƙa rami wanda ya ninka faɗin tulun sau biyu ko uku. Ku farfasa ƙasar da kuka fitar, ku gauraya ta da ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya na taki kashi biyu na ƙasa. Ku zaunar da tulun yadda wuyansa kaɗai zai leƙo sama, ku mayar da ƙasar ku danna a hankali don kada a bar rami tsakanin ƙasa da jikin tulu. Ku cika shi, ku rufe bakin da tsohon kwano ko kasko, ku ɗora dutse. Rufin nan wajibi ne: buɗaɗɗen tulu gidan sauro ne, kuma kwaɗi da ƙadangaru suna faɗawa.

Washegari ku shuka iri a gurbi 3 ko 4 kewaye da tulun, tazarar yatsu huɗu zuwa taƙi ɗaya daga jikinsa. Danshin tulu ba ya nisa, idan kuka shuka can gefe tsiron ba zai same shi ba. A makon farko da na biyu ku ci gaba da ɗan jiƙa gurbin da hannu har saiwa ta isa ga danshin. Bayan sun kafu ku cire raunana ku bar kankana 2, ko kabewa 1 idan tulun ƙarami ne. Daga nan aikinku shi ne leƙawa. Kada ku bari ruwan ya sauka ƙasa da rabi. Da farko yana iya kwana 4 ko 5, amma idan 'ya'ya suka fara girma za ku riƙa cikawa bayan kwana ɗaya ko ma kullum, kuma kabewa mai 'ya'ya da yawa za ta so a ƙara mata bokiti a kwari lokaci-lokaci. Ruwa mai laka yana toshe jikin tulu, saboda haka a bar shi ya kwanta ko a tace da ƙyalle. Bayan girbi ku tono tulun a hankali, za ku tarar da saiwa ta lulluɓe shi, ku kankare ku shanya, zai sake yi muku wata shekarar.

Wanda bai samu tulu ba zai iya amfani da robar ruwa mai lita ɗaya da rabi. A huda ƙananan ramuka 3 ko 4 a gindinta da allura mai zafi, a binne ta kusa da tsiro, a cika, a ɗan sassauta murfin. Tana taimakawa, amma ku sani ita zuba kawai take yi ko ƙasa tana so ko ba ta so, kuma ta yi kaɗan ga babbar shuka.

Ban ruwa na ɗigo

Akwai siririn tiyo mai ƙananan ramuka da ake shimfiɗawa a layin shuka, ruwa ya riƙa ɗiga kusa da gindin kowane tsiro. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yi aiki sosai wajen daidaita wannan tsari da ƙananan lambuna na yankinmu. Ba ya buƙatar inji ko lantarki. Bokiti ko duro ake ɗorawa a kan abin da ya kai tsayin mita 1 zuwa 1 da rabi, nauyin ruwan ya tura shi cikin tiyon. Matsalarsa ɗaya ce, toshewa. A ɗaura ƙyalle a bakin bokiti a tace ruwan, a riƙa buɗe ƙarshen tiyon ana wanke shi, a kuma bi layi ana duba ko kowane rami yana ɗiga.

Ko wace hanya kuka zaɓa, ku rufe ƙasa. Busasshiyar ciyawa, karmami, ƙaiƙayi, ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa, kaurin yatsu uku zuwa huɗu, a bar ɗan fili a wuyan shukar. Rufin yana hana rana ƙona danshi, yana sanyaya ƙasa, yana danne ciyawa. Inda gara ta yi yawa a riƙa ɗagawa ana dubawa.

Kowane mataki da irin ruwansa

Kafin shuka ku jiƙa gurbin sosai, ku bari ya kwana, sannan ku sa iri zurfin gaɓar yatsa ɗaya. Irin kankana yana son ƙasa mai ɗumi. A tsakiyar hunturu yana jinkirin tsirowa, kuma idan aka yi ta zuba masa ruwan sanyi don a hanzarta shi, ruɓewa yake yi. Danshi kawai yake buƙata.

Bayan tsiro ya kafu har zuwa lokacin da zai fara fure, a nan ne ake koya wa saiwa nutsewa. Ku ba da ruwa mai ratsawa, ku ɗan ja tazara. Idan kuka sa takin zamani, ku sa shi a kwari nesa da gindi, ku bi shi da ruwa nan take, domin taki a busasshiyar ƙasa ƙona saiwa yake yi.

Lokacin fure shi ne mafi hatsari. Kankana da kabewa suna fitar da fure iri biyu a jikin shuka ɗaya, namiji da mace. Macen ita ce mai ɗan ƙullutu a ƙasanta, wanda shi ne zai zama ɗa. Namijin yakan riga fitowa ya zube, wannan ba ciwo ba ne, kada ya tayar muku da hankali. Kowane fure yini ɗaya yake buɗewa, da safe, kuma ƙudan zuma ne suke kai garin namiji ga mace. Idan shukar ta ji ƙishirwa a wannan mako, sai ta zubar da furen mata da ƙananan 'ya'ya. Idan kuma aka watsa ruwa ta sama da safe, an kori zuma an kuma jiƙa garin. Saboda haka daga ranar da kuka ga furen mace na farko, kada ban ruwa ya tsallake ranarsa.

Haka za ku ci gaba har 'ya'ya su gama girma. Matsaloli biyu da aka fi kawo kuka a kansu duk daga rashin ƙa'ida suke. Na farko, ƙarshen kankana, wato wajen da furen ya faɗi, ya yi baƙi ya lotsa. Mutane suna ɗauka tsutsa ce su sayo magani su fesa. Ba tsutsa ba ce. Sinadarin kalsiyam ne bai isa wurin ba, kuma a cikin ruwa yake tafiya daga ƙasa zuwa ɗa, duk ranar da ruwa ya yanke shi ma ya yanke. Na biyu, fashewa. Idan ƙasa ta bushe kwana da kwanaki, ɓawon kankana yana taurara. Da aka kwarara ruwa sai cikinta ya kumbura da sauri fiye da yadda ɓawon zai iya miƙewa, ta tsage tun tana jikin yaɗo. In wani uzuri ya sa shukarku ta sha ƙishirwa, ku dawo mata da ruwa a hankali, rabin ƙa'ida yau, rabi gobe.

Da sassafe ake ban ruwa, kafin rana ta ɗaga. In bai samu ba, da la'asar sakaliya, amma a ƙasa kawai, kada ganye ya kwana a jiƙe. Ruwan da ya wuni a cikin tiyo a rana yana zafi har ya ƙona tsiro, a zubar da na farko a gefe. Za ku lura kabewa tana saki da ganye da tsakar rana ko da ƙasa tana da danshi. Ɗabi'arta ce, da yamma za ta miƙe. Yaushin da ya kamata ya dame ku shi ne wanda kuka tarar da asuba. Ku tona ku gani: in ƙasa ta bushe, ƙishirwa ce, in kuma tana jiƙe sharkaf, to saiwar ce ta shaƙe ko ta kamu da cuta, kuma ƙarin ruwa zai ƙarasa ta ne.

Saura kwana 7 zuwa 10 a girbe kankana sai a rage ruwa zuwa rabi ko ƙasa da haka. Wannan yana sa zaƙi ya taru, yana kuma rage fashewa. A jigawa kada a yanke gaba ɗaya, domin yaɗon zai mutu kafin ɗan ya nuna. Iri irin su Sugar Baby da Kaolack, waɗanda aka fi samu a kasuwanninmu, sukan nuna cikin wata biyu da rabi zuwa uku daga shuka. Alamar nuna ita ce ɗan murɗaɗɗen zaren da ke kusa da mariƙin ɗan ya bushe, cikin da ke kwance a ƙasa ya juye daga fari zuwa ruwan ɗorawa, sannan in an ƙwanƙwasa a ji sauti mai nauyi. Kabewa kuwa, idan ɓawonta ya yi taurin da farce ba ya shiga kuma mariƙinta ya fara bushewa, a daina ba ta ruwa. A yanke ta da mariƙinta. Wadda aka girbe a bushe haka tana yin watanni a ɗaki ba ta lalace ba.

Idan damina ce

Yawancin kabewar gida da damina ake shuka ta, ta hau danga ko rufin rumfa. A wannan lokaci aikin ya juye, fitar da ruwa ya zama shi ne abin kula. Ku shuka a kan tudu ko kunya, ku yi wa ruwa hanyar fita, musamman a watan Agusta. Kada ku shuka daidai inda indararo yake zuba. Ɗan da ke kwance a ƙasa a sa masa busasshiyar ciyawa ko fasasshen kasko a ƙarƙashi don kada ya ruɓe. A farkon damina kuma ruwa yakan ɗauke na mako biyu ko fiye bayan an yi shuka, a nan bokiti ɗaya a kan lokaci yana ceton gurbi. Kankana ta fi son rani da hasken rana. Wadda aka yi a tsakiyar damina takan fi fama da cutar ganye, zaƙinta ma bai kai ba.

Wane irin ruwa?

Ruwan alwala, da na wanke shinkafa ko gero, da na wanke kayan miya, duk suna da kyau, a tara su a bokiti a kai lambu maimakon a zubar a kwata. Ruwan wanki mai omo ko bilic ba ya yi, gishirinsa yana taruwa a ƙasa ya ƙona saiwa. Ruwan kwata da na bayan gida kuwa haramun ne ga abin da za a ci ɗanye kamar kankana, domin yana ɗauke da ƙwayoyin cutar amai da gudawa da taifot. Idan rijiyarku tana da zartsi, za ku ga wani farin gari yana fitowa a bakin kwari. Ku riƙa ba da ruwa mai yawa lokaci-lokaci don ya tura gishirin ƙasa da saiwa, kuma kowace shekara ku bar ruwan damina ya wanke wurin kafin ku sake shuka.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi ya auna filin da yake son shukawa da taku ko da igiya, ya rubuta gurbi nawa zai ɗauka a tazarar da muka faɗa. Sannan ya lissafa: idan kowane gurbi yana shan lita 10 a rana a lokacin 'ya'ya, jarka nawa mai lita 25 zai buƙata a rana, nawa kuma a mako? Masu sayen ruwa su buga kuɗin da farashin unguwarsu.

Bayan haka ajin ya kasu gida biyu a filin makaranta. Rukuni na farko su shirya gurbi 2 masu kwari su riƙa ba da ruwa da bokiti. Rukuni na biyu su binne tulu 1 su shuka kewaye da shi. A shuka iri ɗaya a rana ɗaya, a rufe duka da ciyawa. A ware shafi a littafin aji, kowace rana wanda ke da aiki ya rubuta kwanan wata, da litar da ya zuba, da abin da ya gani a ganye da safe. Ranar darasi na gaba kowa ya zo da ƙasar lambunsa cikin leda, daga zurfin taƙi ɗaya, za mu matse ta a hannu tare mu ga wace ce jigawa wace ce laka.